Mun Rasa Cato

Tchula, Mississippi
Oktoba, 1974

Ƙanena Lemuel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Vernice da yara. Ina fatan sanyin Chicago bai fara cizo ba. Mu nan an gama tsinkar auduga. Ƙafata tana nan da kumburinta, amma ina taka ta.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Mijina Hosea ya faɗi a lambu yana cire kuɓewa, tun watan Agusta. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da ka sani, wanda ba ya barin kowa ya ƙarasa zance a gaban abinci, yanzu sai ido. Ban rubuto da wuri ba don ina ta sa ran zai tashi.

Abu ɗaya ne ya motsa shi. Ka tuna faifan Cato Merriweather mai busa harmonika, wanda kai da kanka ka aiko masa shekarar da ka tafi? Wata rana shirun gidan ya ishe ni, na ɗora shi a garmaho. Ka san ni da kiɗan buluz ba ma shiri. Duk Asabar ta ƙuruciyata Hosea zai wanke, ya shafa turare, ya bi Cato da makaɗansa duk gidan rawar da suka nufa, ni ina gida da goyo. Amma da busan ya tashi, sai na ga yatsunsa na hagu suna buga gefen gado. Da aka zo waƙar matar nan da ta bar takalminta a bakin kogi, na ji yana gunji a maƙogwaro yana bin kiɗan daidai. Ranar ya shanye kunun masararsa tas. Tun daga nan kullum sai na saka masa kafin ya ci.

Jiya na ɗauko faifan zan goge, hannuna da sabulu, ya suɓuce ya rabu biyu. Hosea yana kallo. Bai yi ko motsi ba, ya dai bi ni da ido har na kwashe.

Ka nemo mini wani. In kuma babu, an ce Cato yana garinku tun da daɗewa. Ka neme shi, wataƙila yana da wanda ya ajiye. Ban taɓa zaton zan nemi wani abu a hannun mutumin nan ba.

Yayarka,
Ozella Pettis

*

Chicago
Nuwamba, 1974

Yaya Ozella,

Na samu wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na zauna na sake karantawa. Allah ya ba Hosea sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi. Mu muna lafiya, sai Vernice da tari ke damunta tun shigowar sanyi. Aiki a masana'antar ƙarfe yana nan, ko da yake ana ta raɗe-raɗin rage mutane.

Ki gaya wa wannan mijin naki mai kunnuwa kamar na alfadari cewa ban yarda da shirun nan ba. Shi ne ya fara shigar da ni gidan rawa ta taga ina ɗan shekara sha biyar, ya ce in tsaya bayan ganga in yi shiru. A ranar na fara jin Cato. Yaya, ke ba ki taɓa jinsa ido da ido ba, shi ya sa. Harmonikar nan tsawonta bai wuce tafin hannu ba, amma in ya rufe ta da hannu biyu ya ja numfashi, sai ki ji kamar mace tana kuka a ɗaki na gaba, ba ki da ikon shiga. Manyan maza masu wuni suna saran itace na gani suna share ido da hula. Gaskiya ko zuwana garin nan, rabinsa aiki ne, rabinsa don na ji Cato ya taho ne.

Na zaga shagunan faifai. A na ƙarshe mai shagon ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ai kiɗan kakanni ne. Wa ke son tuna gonar auduga yanzu?" Na ce masa kakannin ne suka haifi ubansa. Kamfanin da ya buga faifan ya daɗe da rufewa.

Amma na samu Purvis, mai gangar Cato. Yanzu wankin motocin bas yake yi, kansa duk furfura. Da na ambaci sunan, ya ajiye bokiti ya ce, "Rabona da shi tun da ƙungiya ta watse. Mai jita ya mutu, mai piyano ya shiga coci ya ce ya tuba, ni ga ni. Amma na san gidan da yake haya a da." Mun yi alkawari za mu je tare. Ki ci gaba da lallaɓa Hosea ya ci abinci, ki ce masa faifai yana hanya.

Ƙanenki,
Lemuel

*

Chicago
Disamba, 1974

Yaya, a gurguje nake rubuta wannan kati, Vernice tana asibiti, ciwon ya sauka a ƙirji. Batun Cato kuwa, mun je ni da Purvis, mun rasa shi. Sai haƙuri. Zan rubuto cikakken bayani in hankalina ya kwanta. Ki gaishe da Hosea.

Lemuel

*

Tchula
Janairu, 1975

Ƙanena Lemuel,

Ina gaishe ka, ina kuma yi wa Vernice addu'a safe da yamma. Ka rubuto ka gaya mini yadda take.

Katinka ya iso kafin Kirsimeti. Laifina ne da ban fara karantawa ni kaɗai ba. Na saba karanta wa Hosea wasiƙunka a bayyane, don yana jin daɗi, wancan karon har ya yi ƙoƙarin dariya da ka zagi kunnuwansa. To na zauna a bakin gado ina karantawa, har na furta "mun rasa shi" kafin in gane abin da na faɗa. Ya dube ni. Na ce, "Hosea, ai ya tsufa, kowa da ranarsa." Ya juya fuska bango.

Labari ya bazu a gari, ka san Tchula. Ranar Asabar da rana sai ga tsoho Elbert Sims da wasu maza, duk tsofaffin abokan yawon Hosea, cikin kayan coci, sun ce sun zo zaman makokin Cato, kuma ba inda ya dace sai gidan nan. Na soya musu tarwaɗa da burodin masara. Muka tura gadon Hosea kusa da ƙofa. Ashe kowanensu yana da harmonika a aljihu, wasu duk tsatsa. Ban taɓa sanin haka ba, maza masu jikoki. Elbert ya ce, "Ozella, duk wanda ya ji Cato sau ɗaya, washegari sai ya je kanti ya sayi tasa. Ba wanda ya iya a cikinmu, amma ba wanda ya yar."

Suka yi ta busa, ɗaya bayan ɗaya. Lemuel, kamar ana yanka awaki. Su ma sun sani, suna yi suna zagin juna. Wani ya ce wa Elbert, "Kai dai bari, kada mamacin ya tashi ya ƙwace." Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu. Elbert ya ce ranar da aka kori iyalinsa daga gonar da suka noma shekara da shekaru, busan Cato ne ya hana shi ɗaukar bindiga. Ya ce ya je gidan rawa da niyyar ya sha ya yi ƙarfin hali, Cato ya busa masa duk abin da ke cikinsa, ya koma gida ya kwanta.

Tun ranar Hosea ya rage ci. Cokali biyu, ya datse haƙora. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na yi masa gunjin waƙar da bakina, ni da ban taɓa yarda na san ta ba. Bai juyo ba. Ka gaya mini yadda Cato ya rasu da inda aka binne shi, ko zan samu abin faɗa masa.

Ozella

*

Tchula
Maris, 1975

Lemuel,

Gaisuwa. Wannan ce wasiƙata ta biyu ba amsa. In Vernice ce jikin ya yi tsanani, ka gaya mini, ni 'yar'uwarka ce. In kuma ka gaji da batun tsoho shanyayye da matarsa mai yawan roƙo, shi ma ka faɗa, ba zan ji haushi ba.

Hosea ya rame har ina ɗaga shi ni kaɗai in canza shimfiɗa. Likita ya zo ya duba, ya ce ba wani sabon ciwo, mutumin ne ya saki. Fasto ya zo ya yi addu'a, da zai fita ya ce mini, "'Yar'uwa Ozella, abin takaici ne mutum ya ƙi abinci saboda mai kiɗan gidan giya." A da ni ce nake faɗin haka.

Ozella

*

Chicago
Maris, 1975

Yaya Ozella,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Vernice ta fito daga asibiti, tana samun sauƙi. An tashe mu daga gidan da muke haya, za a rushe shi, muka koma wata unguwa cikin dusar ƙanƙara da mara lafiya. Wasiƙunki biyu suna can tsohon gida, sai shekaranjiya wata maƙwabciya ta kawo mini su tare.

Yaya, Cato bai mutu ba. Da na ce mun rasa shi, nufina mun je gidan ba mu same shi ba, ya tashi, ba wanda ya san inda ya koma. A tsaye na rubuta katin nan a farfajiyar asibiti, ban sake dubawa ba. Sai da na karanta wasiƙarki ta Janairu na gane abin da na yi. Ki je yanzu ki gaya wa Hosea kafin ki ƙarasa karanta sauran.

Purvis bai daina nema ba, shi ya gano shi a watan jiya, a wani gidan tsofaffi a yammacin gari. Jiya na ari rikoda muka je. Yana zaune bakin taga da bargo a gwiwa. Da ban san shi ba da na wuce shi. An cire masa huhu ɗaya. In ya yi magana sai ya tsaya tsakiyar zance ya nemo iska.

Na gaya masa komai. Da na zo kan zaman makoki, ya ce, "Makokina? An ci me?" Na ce tarwaɗa. Ya ce, "Ka ga mutanen banza, ba su aiko mini ko kan kifin ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Purvis yana bubbuga masa baya. Na tambaye shi ko ya tuna Hosea Pettis. Ya ce, "Mai kunnuwan nan? Wanda yake tsayawa dab da ni ya rufe ido kamar ana masa baftisma? Matarsa ta taɓa aiko mini da saƙo wai Allah ya toshe mini abin busa." Na ce ita ce ta aiko ni.

Ba shi da faifan ko ɗaya. Harmonikar dai tana cikin safa a ƙarƙashin matashi. Likitoci sun hana shi, ya ce su je su hana ubansu. Purvis ya ɗauki cokula biyu yana buga gefen kujera, Cato ya busa waƙar takalmi. Ba zan ɓoye miki ba, ba Caton da muka sani ba ne. Yana farawa iska ta ƙare, ya tsaya, ya sake. Sauran tsofaffin gidan suka taru a ƙofa, wata tsohuwa daga Arkansas tana kuka tana cewa a bikinta ya yi wasa.

Ga kaset ɗin nan na haɗa da wasiƙar. Elbert yana da rikoda. Ki yafe mini kalmar nan.

Lemuel

*

Tchula
Afrilu, 1975

Ƙanena Lemuel,

Ina gaishe ka da Vernice, na gode wa Allah da ta tashi. Hosea ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi. Mun binne shi a maƙabartar cocinmu, kusa da itacen nan na gefen shinge.

Saƙonka ya riske shi da rai. Na yi yadda ka ce, na ajiye takardar na je na ce, "Hosea, Cato yana nan, ni ce ban fahimci Lemuel ba." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai lallashin yaro. Elbert ya kawo rikoda muka kunna. Busan ya fara, ya yanke, ya fara, ya yanke. Hosea ya saurara, sannan ya girgiza kai. Ya ɗauka ɗaya daga cikin abokansa muka sa ya yi don mu yaudare shi. Na rantse masa, ya rufe ido.

Can tsakiyar kaset akwai wurin da iska ta ƙare wa Cato, ya zagi harmonikar, ya ce, "Kai Hosea, kana ji? Ni da huhu ɗaya, kai da hannu ɗaya, in aka haɗa mu a samu mutum guda." A nan ya buɗe ido. Hawaye suka gangaro ta ɓangaren da ya mutu ma. Ya nuna rikodar da yatsa, Elbert ya mayar, ya sake nunawa, haka muka wuni. Da yamma ya karɓi kunu.

Ya yi ƙoƙari, Lemuel. Duk abin da na ba shi ya buɗe baki, amma cikin ya riga ya manta abinci, abin da ya shiga sai ya dawo. Likita ya fara cewa da saƙon ya iso wata ɗaya baya ne. Ban bar shi ya ƙarasa ba.

Ka ce in yafe maka. Wasu ranakun na yafe, wasu ranakun in na ga katin nan sai in ji kamar in hau jirgi in zo in mare ka. Sannan in tuna bakina ne ya furta. Ka ba ni lokaci.

Elbert da mutanensa sun so su busa a bakin kabari, fasto ya hana. Sai suka bari aka watse, suka tsaya a hanya bayan shinge suka yi abinsu. Ni ina cikin mota, na ce wa direba ya dakata.

Ozella

*

Chicago
Mayu, 1975

Yaya Ozella,

Allah ya ji ƙan Hosea, ya ba ki haƙuri. Vernice tana miki ta'aziyya, ta yi kuka ƙwarai. In kin zo marin, zan tsaya.

Na je na gaya wa Cato. Jikinsa ya ƙara lalacewa, yanzu a kwance yake, an sa masa robar iska a hanci. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ya dai ji?" Na ce ya ji. Ya ce to.

Da zan tafi ya riƙe mini hannun riga. Yaya, saƙo ne ya ba ni, na yi ta juya shi a raina ko in faɗa ko in bari. Ya ce ba shi da mata, ba ɗa, 'yan'uwansa sun ƙare. Wanda ya mutu a gidan nan ba mai karɓarsa, hukuma ke kwashewa ta binne a fili ɗaya da wasu, ba suna. Ya ce, "Ni ban damu da suna ba. Sanyin ƙasar nan ne ba na so. Ka tambayi matar Hosea ko akwai ɗan wuri a Tchula, ko bayan shinge ne. In ta ce a'a, ta yi daidai, na raba ta da mijinta Asabar da yawa."

Ni da Purvis da wasu tsofaffin masoyansa za mu ɗauki nauyin kawo shi. Wuri kawai ake nema. Kada ki ji dole. Likita ya ce ba zai ga ƙarshen lokacin zafi ba.

Lemuel

*

Tchula
Yuni, 1975

Ƙanena Lemuel,

Gaisuwa gare ka da iyali. Ina nan, gidan ya yi mini girma. Masara ta fito, Elbert ne ya shuka mini.

Na karanta saƙon mutumin naka na ajiye, na yi mako ban taɓa takardar ba. Sannan na je wurin fasto da dattawan coci. Suka ce maƙabarta ta 'yan coci ce, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gidajen rawa ba shi da wuri a ciki. Na ce rabin mazan da ke zaune a ɗakin nan na san inda suke kwana Asabar kafin su zo su yi waƙar Lahadi, in suna so in fara kiran suna. Ba wanda ya so. Na ce kuma ba wurinsu na zo roƙo ba. Mahaifin Hosea ya yanki wurin mutum uku a gefen shingen nan tun ana share filin. Hosea yana tsakiya. Na dama nawa ne. Na hagu mun bar wa ɗanmu, shi kuwa ya rubuto daga California ya ce can za a binne shi wurin 'ya'yansa. Fasto ya ce zai yi addu'a a kai. Na ce ya yi, ni dai na riga na sa Elbert ya kafa turke.

Ka gaya wa Cato Merriweather akwai wuri, kuma cikin shinge ne. Ka gaya masa da bakinka, a fili, kalma ɗaya ɗaya, ka tabbata ya gane. Kada ka rubuta masa kati.

Ka ce masa ban janye komai daga abin da na faɗa a kansa ba. Kuma kada ya yi gaggawa, ƙasar ta yi tauri bana, ruwa bai sauka sosai ba, masu haƙan kuwa duk tsofaffi ne.

In lokacin ya yi, kai ma ka rako shi. Ka zo da Vernice ta sha iskar gida. Zan gyara muku ɗakin gaba.

Yayarka,
Ozella